Ba a Wuce Mutum a Hanyar Tres Norias

A wajen hukuma Tres Norias ba gari ba ne. Muna da coci biyu, da gidan mai, da makarantar firamare, da gidan wanki mai injuna goma sha ɗaya waɗanda bakwai daga ciki ke aiki, amma ba mu da magajin gari, ba mu da majalisa, ba mu da ɗan sanda ko guda. Gunduma ce ke riƙe da mu, irin riƙon da ake yi wa ɗan wani. In aka fasa maka shago ka buga waya, sai a ce maka mota ta taso, kuma ba ƙarya aka yi ba, ta taso ɗin, daga hedkwatar gunduma, tafiyar minti hamsin in jirgin ƙasa mai kaya bai datse hanya ba. Kafin ta iso ɓarawon ya kai gida har ya yi wanka.

Da can wannan bai dame mu ba. Ba mu fi mutum ɗari huɗu ba, kowa ya san ɓarawon garin har da sunan uwarsa. Dokarmu ɗaya ce, kuma ba a rubuce take ba: ba a wuce mutum a hanya. Bas ba ta zuwa nan, saboda haka in ka ga mutum tsaye a bakin titi, ko yana tafe a ƙasa cikin rana, dole ka taka birki. Ko jiya kuka yi faɗa, sai ka ɗauke shi ku ƙarasa faɗan a mota.

Sai wani kamfani ya sayi gonakin inabi na gabas ya dasa gidaje ɗari takwas a wurin, duk fenti ɗaya, duk ƙofa ɗaya. Mutanen da suka tare ba miyagu ba ne, kada a yi musu sharri. Ma'aikatan birni ne, su fita da sassafe gilashi a rufe, su dawo da yamma gilashi a rufe, kuma babu wanda ya taɓa gaya musu dokar.

Wadda abin ya fi shafa ita ce Doña Ofelia Barragán, mai sayar da tamal, wani irin alala na masara da nama da ake naɗewa a ganye, a gaban gidan mai. Shekararta sittin da uku, 'yar gajeriya, amma in ta yi magana a nan ana jin ta a makaranta. Mijinta Anselmo, wanda kowa ke kira Chemo, ya yi shekara talatin da ɗaya yana datse rassan inabi a gonar Wendell Haskew kafin mantuwa ta fara cin kansa. Yanzu bai san ranakun mako ba, wani lokaci ya kira 'yarsa da sunan ƙanwarsa, amma da zarar an kau da ido sai ya sa hularsa, ya ɗauki almakashinsa, ya kama hanyar aiki. Tsofaffin 'yan gari sun saba. Duk wanda ya gan shi sai ya tsaya ya ce, "Chemo, hau, yau an tashi da wuri," ya maido shi gaban tukunyar matarsa.

Wata Talata cikin Agusta babu ɗan garin da ya bi ta wurin. Chemo ya yi ta tafiya har ya shiga sabbin gidaje, ya ga furannin wata mata sun cunkushe babu mai gyara, ya tsuguna ya hau yi mata aiki kyauta. Matar ta leƙo ta taga, ta ga baƙon tsoho da ƙaton almakashi a ƙofar gidanta, ta kulle ta buga waya. Ɗan sandan da ya zo bai taɓa taka Tres Norias ba. Ya tambayi Chemo suna da adireshi, Chemo ya yi masa murmushi ya ƙi sakin almakashin, sai aka sa masa ankwa aka tafi da shi hedkwata. Awa biyar Ofelia tana bin bakin magudanar ruwa tana ƙwala masa kira kafin a gano inda yake.

"Mama, ya isa haka," in ji 'yarsu Yesenia, mai aikin jinya a birni. "Akwai gidan kula da tsofaffi kusa da asibitinmu. Ƙofarsu a kulle take, babu inda zai je."

"Ubanki kaza ne da za a kulle shi?"

"To in gobe ya faɗa magudana fa? Wa za ki kira? Mutanen minti hamsin?"

A ƙarshe suka yi yarjejeniya. In aka samu ɗan sandan da ke zaune a garin, wanda ya san Chemo da sunansa, wanda zai iso cikin minti biyar, Chemo zai zauna a gidansa. In ba a samu ba, da sabuwar shekara Yesenia za ta zo da akwati.

Gunduma ta ce ita ba ta da kuɗin ajiye mana kowa. In muna so, mu sa wa kanmu haraji: dala ɗari da tamanin a shekara kan kowane fili, a ba mu 'yan sanda biyu da ofis a tsohon shagon aski. Sai dai dokar jiha ta ce irin wannan haraji ba ya tabbata sai kashi biyu cikin uku na masu ƙuri'a sun yarda. Gurmeet Dhillon mai gidan mai, wanda lissafi ke gudu a jininsa, shi ya sauƙaƙa mana maganar. "Duk a'a ɗaya," ya ce, "sai an samo e biyu a danne ta."

Ofelia ta ɗaura ɗamara. Ta bi gidajen nan ɗari takwas ɗaya bayan ɗaya da tukunyar tamal a bayan tsohuwar a-kori-kurarta, tana ƙwanƙwasa ƙofofin mutanen da ba su taɓa ganin maƙwabci a ƙofarsu ba. Wasu sun buɗe don maganar, mafi yawa don ƙamshin. Matar nan mai furanni da ta ji ko wane ne tsohon, sai ta fashe da kuka, ta ce tun da ya taɓa furanninta suke ta huda, daga ranar ta zama ita ke riƙe wa Ofelia takardu.

Mutum ɗaya ne ya tsaya mata a maƙogwaro, shi ne Wendell Haskew, tsohon ubangidan Chemo. Dogo ne, busasshe, shekara saba'in da tara, kuma tun da aka haife shi ba a taɓa jin ya ce e ga haraji ba. Filayensa goma sha huɗu, ma'ana sau goma sha huɗu zai biya. Ya jawo tirelar ciyawa ya ajiye a ƙofar gonarsa, ya kafa mata allo mai girman bango, da jan fenti: A'A. Da hunturun bara ya samu 'yar shanyewar ɓarin jiki, likita ya hana shi tuƙi, hannunsa na dama yana rawa, amma bakinsa lafiya ƙalau.

A taron da aka yi a ɗakin cin abincin makaranta ya miƙe da sandarsa.

"Kakana ya haƙa rijiyoyin garin nan ba da ɗan sanda ba! Yau a ce ɗari da tamanin, baɗi a ce ɗari uku. Ku ba gwamnati yatsa ku gani in za ta bar muku kafaɗa."

"Mista Haskew," in ji Ofelia daga baya, "kakanka da jaki yake yawo. Ka koma kan jakin mana, mu gani."

"Da jakin ya fi motarki sauri, Ofelia."

"Motata dai tana da mai tuƙa ta."

Ɗakin ya kwashe da dariya, har shi Wendell ɗin sai da gashin bakinsa ya motsa. Amma da ta koma gida abin ya dame ta, don ta san ta taɓa shi inda ke masa ciwo.

Aka yi zaɓe cikin Nuwamba. A nan ta gidan waya ake aiko wa kowa takardar ƙuri'a, ka cika, ka sa a ambulan, ka sa hannu a bayan ambulan ɗin, ka mayar. Ƙirga kuwa sai ta ci makonni. Kullum da rana Gurmeet zai duba sakamako a wayarsa ya rubuta da alli a jikin firijin lemo, mutane su taru suna kallo kamar ana wasan ƙwallo. Ranar Litinin ta mako na uku ya rubuta: E, 613. A'a, 307. Ya ajiye allin ya dafe rawaninsa.

"Ɗaya," ya ce. "Doña, ƙuri'a ɗaya tak muka rasa."

Ofelia ta zauna a kan bokitin da take kifewa.

"Tsaya tukuna," in ji Gurmeet. "Akwai ambulan biyu da ba a buɗe ba. Sa hannun da ke bayansu bai yi daidai da na rajista ba, sai aka ajiye su gefe. An ba masu su zuwa Juma'a ƙarfe biyar su sake sa hannu. Na kira ofishin, sun ba ni sunayen, ba sirri ba ne." Ya rage murya. "Na farko Anselmo Barragán."

"Chemo nawa?"

"Na biyu Wendell Haskew."

Ya ɗauki allin ya nuna mata. In Chemo kaɗai ya gyara, 614 da 307, an ci daidai wa daida. In Wendell ma ya gyara, a'a ta koma 308, sai an samu 616, kuma babu inda za a samo su.

"Ki kai Chemo," ya ce. "Wendell kuwa ba ki gan shi ba, ba ki ji labarinsa ba. Ba ya tuƙi, ɗan ƙanensa ya tafi kai inabi arewa sai Lahadi. Ba mu hana shi ba, ba mu kai shi ba. Ina laifinmu?"

"Babu," in ji Ofelia, kuma har zuciyarta ta yarda babu ɗin.

Sai dai sa hannun Chemo ya zama aiki. Kwana uku tana ajiye masa takardar a teburin cin abinci. Ran farko ya zana wasu ƙawanyoyi. Rana ta biyu ya rubuta Ofelia, da kyau, harafi bayan harafi, ya miƙa mata yana murmushi, ita kuwa ta shiga kicin ta yi kukanta ta wanke fuska. Rana ta uku ya ce shi ba ya sa hannu a abin da bai karanta ba. Ranar Juma'a ta yanke shawarar kai shi ofishin da kansa, ko ganin ma'aikata zai sa ya nutsu. Ta sa masa rigarsa ta zuwa coci, ta taje masa kai, suka fito ƙarfe biyu da rabi.

Hanyar hedkwata ɗaya ce, kuma ta ƙofar gonar Haskew take bi. Tun daga nesa ta hango jan allon, sannan ta hango abin da take tsoro. Wendell ne tsaye a gindin allon, da farar hularsa, da sandarsa, da takarda a aljihun gaba. Bai ɗaga hannu ba. Irinsa ba ya ɗaga hannu. Motoci biyu na sabbin gidaje da ke gabanta suka wuce shi fuu, ko waiwaye.

Ofelia ta ƙanƙame sitiyari ta kafa ido a kan kwalta. Ta ce a ranta Allah ya gani, miji take ceto. Ta ƙara taka mai.

"Tsaya," in ji Chemo.

"Muna sauri, tsoho."

"Ga mutum a hanya."

"Yana jiran wani ne."

Chemo ya juyo ya dube ta da mamaki, irin kallon da za ka yi wa wanda ya shiga coci da sigari. Mutumin da bai san wace shekara ake ciki ba, wanda da safen nan ya sa takalminsa a firiji, ya ɗora hannu a kan nata ya ce, "Ofelia, ba a wuce mutum."

Ta taka birki har tukunyar baya ta yi ƙara. Sannan ta sa giyar baya, tana zagin kakan da ya haƙa rijiyoyi da jikansa duka.

"Hau," ta ce ta taga.

"Ban tsayar da ke ba."

"Ni ma ba don kai na tsaya ba. Hau kafin hankalina ya dawo."

Ya hau da ƙyar, Chemo a tsakiya, su uku a kujera ɗaya kafaɗa da kafaɗa. Chemo sai murna yake.

"Maigida, ina kwana? Yau wane layi za mu fara?"

"Na bakin rijiya, Chemo," in ji Wendell, ba tare da ya yi jim ba. "Amma sai mun dawo daga gari."

Minti hamsin ɗin nan ba a yi shiru ko na ɗaya ba. Wendell ya ce tana tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai. Ta ce in ya ƙosa ya sauka ya nemi jakin kakansa. Ya ce ƙofar motar ba ta rufuwa, ta ce ta san wanda take so ya faɗo. Ya tambaya ko ƙamshin da yake ji na naman alade ne ko na kaza, ta ce na masu cewa e ne. A mararrabar jirgi, da suka tsaya jiran tarago ɗari su wuce, ta kasa daurewa.

"Ka san abin da kake shirin yi mini? In ka sa hannun nan an gama. Yesenia za ta zo da akwati."

Wendell ya ci gaba da kallon taragon. "Ƙuri'ata ce, Ofelia. Shekara sittin ban taɓa fashi ba. Ba zan fara ba don hannuna ya koyi rawa."

"Allah ya isa tsakanina da birkin motar nan," ta ce.

Sun isa ƙarfe uku da rabi. Ma'aikaciyar, wata mai tabarau a rataye da igiya, ta duba katin Wendell, ya kama alƙalami da hannu biyu ya yi wani abu kamar sawun kaza, ta ce tunda a gabanta ya yi, ya wadatar. Ofelia tana kallo aka buga hatimi a kan abin da zai raba ta da mijinta.

Sai aka zo kan Chemo. Yana ganin dogon kanta da gilashi da mai gadi da kaki, sai jikinsa ya tuna Agusta. Ya maƙe hannayensa a baya, idanunsa suka fara yawo.

"Ban yi komai ba," ya ce. "Furanni ne kawai. Ofelia, mu tafi gida."

"Baba, sunanka kawai za ka rubuta," in ji ma'aikaciyar a hankali. "Ko yaya ya fito, in dai da hannunka ne."

Ofelia ta lallaɓa, ta roƙa, ta sa masa alƙalamin a hannu, ya sake shi ya faɗi ƙasa. Ƙarfe huɗu ta wuce. Ta san ko ya sa hannun ma an riga an faɗi, amma sai ta ji ba za ta iya jure a jefar da ambulan ɗinsa a kwandon shara ba, kamar shi ma an gama da shi.

Wendell ya ƙwanƙwasa sandarsa a ƙasa. "Yarinya, ɗauko takardar ki biyo mu waje."

"Yallaɓai, ba a fita da…"

"Taku ashirin ne. Harajina ya biya takun nan tun kafin a haife ki."

Ta dubi agogo, ta dubi fuskar Ofelia, ta ɗauki takardar ta biyo su. A wajen ajiye motoci Wendell ya shimfiɗa takardar a kan bonet ɗin a-kori-kurar, ya danne ta da dutse, ya tura hularsa baya. Sannan ya buga tafin hannunsa a ƙarfen, da wata murya da Ofelia ta yi shekara goma ba ta ji ba.

"Juma'a ce, jama'a! Barragán! Zo ka sa hannu ka karɓi naka, mutane na jira a bayanka!"

Shekara talatin da ɗaya, duk Juma'a da la'asar, haka ake biyan ma'aikata a gonar Haskew, a kan bonet, da dutse a kan takarda. Chemo ya miƙe tsaye sosai. Ya goge hannunsa a wando, ya karɓi alƙalamin, ya duƙa, ya zuba sunansa a tafi ɗaya, Anselmo Barragán, har da 'yar wutsiyar nan da yake murɗawa a ƙasa kamar reshen inabi. Ma'aikaciyar ta sa tabarau ta duba ta ce ko a rajista bai kai wannan kyau ba.

Chemo kuwa bai matsa ba. Ya miƙa wa Wendell tafin hannu.

Wendell ya dubi hannun, ya dubi Ofelia. Ofelia ta dubi sama. Ya laluba aljihu yana gunaguni ya zaro dala ashirin ya ɗora.

"Maigida," in ji Chemo cikin ladabi, "bai cika ba."

Dariyar da Ofelia ta yi sai da ta riƙe ƙofar mota. Ma'aikaciyar ta rufe baki da takarda, mai gadi ya leƙo yana tambayar lafiya. Wendell ya juye duk abin da ke jakarsa a hannun Chemo yana cewa ga shi tun ba a ƙirga ba harajin ya fara cin sa. A hanyar dawowa ta buɗe tukunya ta ba shi tamal uku, tana dariya tana share hawaye, don ta san lissafin: 614 da 308. Da daddare ta fara ware wa Chemo rigunan da za a sa a akwati.

Ranar Talata da hantsi tana cikin zuba wa wani direba yaji, sai ta ji ihu daga cikin gidan mai. Gurmeet ya fito da gudu, waya a hannu, takalmi ƙafa ɗaya.

"Doña! 614 da 307! An ci! An ci!"

"Kai, Gurmeet, ka duba da kyau. Ambulan biyu aka buɗe."

"Biyu aka buɗe, ɗaya ba ta ce komai a kan harajin ba! Tambayar tana bayan takarda, tsohon bai juya ba! Duk jan fentin nan, ya manta ya juya takarda!"

Kafin azahar garin ya ɗauka. Motoci suka yi ta hon, mai furanni ta zo da kek, limamin coci ya buga ƙararrawa ba lokacinta ba, Gurmeet ya raba lemo kyauta, abin da ba a taɓa gani ba. Ofelia ta yi rawa da Chemo a gaban famfon mai na biyu, shi bai san dalili ba amma ƙafarsa ba ta manta rawar ba. Kowa sai tsokanar Wendell yake a bayan ido.

Da yamma Yesenia ta zo. Ta rungume uwarta, ta ga akwatin a buɗe ta mayar da rigunan da kanta, sannan ta tsaya a bakin kicin tana murza yatsu.

"Mama, akwai abin da ban gaya miki ba. Ranar da Baba ya cika takardarsa kina can kina bin gidaje, ni na zauna da shi. Ya yi gaban, na ce ya juya, ya ce ya gaji. Na yi na yi ya ƙi, ya liƙe ambulan ɗin. Ni kuma ba zan cika masa ba. Na ji tsoron gaya miki."

Ofelia ta ajiye ludayi. "Wato Chemo ne bai juya ba."

"Shi ne."

"To e ɗin nan ta wace ce?"

Ambulan biyu ne kawai aka buɗe, ɗayan kuwa na Wendell ne.

Washegari Ofelia ta cika ƙaramar tukunya ta nufi gonar Haskew. Allon na nan, jan A'A yana ƙyalli a rana. Ta same shi a baranda.

"Tsohon munafuki," ta ce, ta dire tukunyar a gabansa.

"Ƙuri'a sirri ce."

"Da na wuce ka fa? Da na wuce ka ranar Juma'a, da yanzu mun faɗi! Me ya hana ka buɗe baki ka ce mini?"

"Na san Chemo na cikin motar."

Ya ɗauki tamal ɗaya yana ɓare shi da hannun da ba ya rawa. Sai can ya ce, "Ranar nan ta Agusta, ta nan ya bi. Ina zaune a kujerar nan. Na ƙwala masa kira bai ji ba. Motata ga ta can, makulli a aljihuna, ba hannun tuƙi, ba ƙafar bin sa. Ina kallo ya sha kwana." Ya yi gyaran murya. "Tunda mu mun ƙare, sai a ɗauko wanda zai riƙa tsayawa. Ko da kuɗi ne."

Don kada ta yi kuka a gabansa, sai Ofelia ta nuna allon. "Wancan fa?"

"Fentin dala arba'in ne. Kuma in na sauke shi, da wane ido zan kalli 'yan ƙungiyar manoma? In kika gaya wa wani, Ofelia, sai na ce ƙarya kike."

Ba ta gaya wa kowa ba sai Gurmeet, Gurmeet kuma bai gaya wa kowa ba sai masu shan mai.

Cikin Afrilu aka buɗe ofis a tsohon shagon aski, madubin ma ba a cire ba. Wadda aka fara turowa wata matashiya ce, Pakou Vang, 'yar manoman kayan lambu daga can kudu. Ranar farko Ofelia ta kai mata abinci da hoton Chemo, ta zaunar da ita ta karanta mata dokar garin. Pakou ta ce a ƙauyensu ma haka ake yi.

Bayan mako biyu, da hantsi, Ofelia ta juya ta ɗauko ganye ta waiwayo ba Chemo, ba hula, ba almakashi. Tana laluben waya ke nan sai ga motar 'yan sanda ta shigo gidan mai a hankali. Chemo ne a gaba, hannu a taga, almakashinsa a cinya, yana ɗaga wa jama'a hannu.

"Na ce masa yau an tashi da wuri," in ji Pakou. "Sannan na ga wani tsohon a gindin wani jan allo, na ce ai ba a wucewa."

Ofelia ta leƙa baya. Wendell Haskew ne zaune bayan ragar ƙarfe, inda ake sa masu laifi, hula a gwiwa, ƙofar kuma ba ta buɗuwa ta ciki.

"Fili goma sha huɗu nake biya wa!" yake ta faɗa. "Goma sha huɗu, a ce ban isa zama gaba ba? Ofelia, daina dariya ki buɗe mini!"

Sai da ta kira Gurmeet ya zo ya gani tukuna, sannan ta buɗe.